Ɗan ƙaramin gari a babbar makaranta

Manoma da makiyaya, kowace shekara ana jin labari cewa ɗan wane ya ci jarrabawar bak, za shi babbar makaranta. Ranar nan gida ya cika da murna. Uba ya saida rago, uwa ta daka gumba, aka raka yaro tasha. Amma mine ne ke jiran shi can?

Babbar makarantar Yamai ta soma aiki a 1971. A 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni, masanin aiki da hasken rana, wanda aka haifa a Tasawa a 1929. Tana hayin kogi, sai an ƙetare gada. Daga Maraɗi zuwa can ya fi kilomita 600, daga Damagaram kusan 900. A 2010 gwamnati ta buɗe wasu a Maraɗi, Damagaram da Tawa. Hanya ta ragu, amma baƙunci yana nan.

A garinsu kowa ya san yaron nan, kowa ya san ubanshi. A lakwal mushe yana kiran sunanshi kowace safiya, in bai zo ba a aika gida. A babbar makaranta ba haka ba ne. Ɗalibai ɗari-ɗari ke shiga babban zaure guda, wanda suke ce ma amfi. Malami yana magana da Faransanci, da sauri, kowa na rubutawa. Wanda ya makara sai ya tsaya baya. Wanda ya yi kwanciyarshi, ba mai tada shi. Sai ranar jarrabawa gaskiya ta fito.

Sai maganar makwanci. Ɗakunan makaranta ba su isar kowa. Wasu su matsu da yawa ɗaki guda, wasu su yi haya cikin unguwa, wasu su sauka gidan ɗan garinsu. Wanda ya saba da tuwon hatsi da furar uwarshi, yanzu sai layi wurin cin abinci. Itace, ruwa, mota, takardu, komi sai kuɗi. A kasuwar Yamai kuma yana jin Zabarmanci wanda bai taɓa koyo ba.

Gwamnati na ba wasu ɗalibai kuɗin taimako, amma ba kowa ke samu ba, kuma wani lokaci suna jinkiri. Nan ne yaro ke shiga uku. Yana kunyar roƙon uban da ya riga ya saida rago. Wani sai ya yi shiru da yunwa. Wani ya bar karatu ya shiga neman kuɗi, shekara ta lalace.

Waɗanda suka jure, ga abin da suka yi. Sun nemi ƙungiyar ɗaliban yankinsu tun ranar farko, don na gaba su nuna musu hanya. Sun haɗu uku-uku, huɗu-huɗu suna bitar darasi da dare. Sun raba kuɗinsu bisa kwanakin wata. Ba su ji kunyar tambaya ba, tunda matambayi ba ya ɓata.

Iyaye ma suna da aikinsu. In an yi girbi, a ware tiya kaɗan ta hatsi ko wake a aika. A kira yaro a salula a ji lafiyarshi, ba sai ana son wani abu ba. Kada a kira shi gida tsakiyar karatu don biki. Ɗiya mace, a samo mata masauki na aminci tun kafin ta tashi, kuma kada a tsinke mata karatu.

Digirin farko shekara 3 ne in komi ya tafi daidai. Manomi ya san tsakanin shibka da girbi akwai noma da haƙuri.

Shi kuma yaro, in ya zo hutun damina, ya aje takardu ya ɗauki haiwa, ya gaida tsofaffi kamar yadda ya saba. Garin da ya saida rago dominshi yana jiran likita, malami da ma'aikacin gona.