Masu Ɗaure Lissafi da Majigi a Birnin Shehu

Idan lokacin kare furojet ya ƙarato, shagunan kwamfuta na Sakkwato ba sa rabuwa da cinkoso. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da na Foliteknik ta Umaru Ali Shinkafi, kowa da filashinsa a hannu yana jiran layi. Yawancin masu shagunan taifin suke yi, da fotokwafi, da ɗaurin littafi. Amma akwai 'yan ƙalilan da suka ƙware wajen shirya shafukan da ake haskawa a majigi, kuma ko a cikinsu ba kowa ne ya iya abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba, wato ɗaure alƙaluman Excel da shafukan PowerPoint, ta yadda in an gyara can, nan ma ya gyaru.

Na taɓa zama a irin wannan shago bayan sallar isha'i, janareta na ruri a bakin ƙofa, fanka na kaɗa iska mai zafi. Sai ga wani ɗalibi ya shigo a firgice, gobe da safe zai tsaya gaban malamai.

"Ƙanena, mi yaf faru?" in ji mai shagon.

"Wallahi Yaya, sufabaiza ne ya ce in cire takardun tambaya shida, wai ba a cike su daidai ba."

Duk wanda ya taɓa rubuta babi na huɗu ya san abin da wannan ke nufi. Cire takarda shida ya taɓa jimilla, ya taɓa kowane kaso, ya taɓa kowane zane. Da a hannun mai kwafa da liƙawa aikin yake, sai an bi shafi-shafi har tsakar dare, kuma da wuya a rasa inda aka manta. Mai shagon nan kuwa ya buɗe jadawalin, ya goge layi shida, ya adana. Ya buɗe shafukan majigin, kwamfuta ta tambaye shi ko a sabunta haɗin, ya amsa mata. Zanuka suka motsa, kowanne ya koma sabon matsayinsa. Shayin da aka kawo wa yaron bai huce ba aka gama.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Excel ya fito a 1985, PowerPoint a 1987, shekarar da kamfanin Microsoft ya saye shi, sannan a 1990 kamfanin ya fito da tsarin OLE da ke ba manhaja ɗaya damar riƙe abin da ke zaune cikin wata. Ana kwafo tebur ko zane daga Excel, amma maimakon liƙawa kai tsaye, sai a shiga Paste Special a zaɓi liƙawa mai haɗi. Daga nan shafin majigi ba ya riƙe komai sai hoton alƙaluman da adireshin fayil ɗin da suka fito.

A wannan adireshin gwani yake bambanta da ɗan koyo. Da zarar an sauya wa fayil suna, ko an ɗauke shi zuwa wata kwamfutar, haɗin yana iya tsinkewa, shafin ya ci gaba da nuna tsohon lissafi ba tare da kowa ya farga ba. Shi ya sa gwani yake tara fayilolin wuri guda, ya gwada su a kwamfutar da za a haska, in ta kama ya sake nuna wa haɗin hanya. In aiki ya kammala kuma, sai ya yanke haɗin da gangan kafin ya miƙa. Ya kuma san haɗarin cusa jadawalin ɗungurungum cikin shafi, domin duk wanda ya karɓi fayil ɗin zai iya buɗe komai. Ga wanda ya tattaro bayanan marasa lafiya ko albashin ma'aikata, wannan maganar amana ce, ba ta ado ba.

Masu intanet mai ƙarfi suna yin haka da Google Sheets da Google Slides, inda maɓalli guda ke sabunta zane. Sai dai data kuɗi ce, shi ya sa da yawa suka tsaya ga abin da ke aiki ba intanet.

Abin da ya fi burge ni shi ne, wannan gwaninta tana rage wa mai ita kuɗin shiga na nan take. Wanda ke gyara da hannu yana cajin kowane gyara, shi kuwa wannan ya toshe ƙofar da kansa. Amma ma'aikacin da ke kai rahoton wata-wata, da jami'in ƙungiyar agaji da ke lissafin allurar rigakafi, wurinsa suke komawa, domin ba su taɓa jin kunya gaban shugabanni ba saboda shafi ya ce abu kaza, takarda ta ce wani.

Ina roƙon iyayen gida a wannan sana'a, ku koya wa yaran shagonku haɗin nan tun kafin ku koya musu zaɓen launi. Kai kuma ɗalibi, ranar da za ka kai aikinka, ka tafi da fayil ɗin Excel ɗinka, ka ce a ɗaure maka shi da shafukan majigin.