Ko Kun Sani?

A cikin da yawa daga manhajojin da injiniyoyi ke gwada ƙarfin gada ko fiffiken jirgi a kwamfuta, akwai wani ɓoyayyen injin lissafi da ke tsara siffar abin. Fitattu biyu su ne Parasolid na kamfanin Siemens, wanda aka ƙirƙiro a Kambirij ta Ingila, da ACIS, wanda kamfanin Dassault na Faransa ya mallaka a 2000.

Kowanne da ma'auninsa. A wurin Parasolid, ɗigo biyu sun zama ɗaya idan tazararsu ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan 100 na mita ba, kuma dole zane ya tsaya cikin akwati mai faɗin mita 1,000. Da an sauya inji, gefen da ke haɗe yana iya buɗewa, siraran fuskoki su ɓullo, ragar da ake lissafi a kanta ta canza.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne lambobin da inji ke bai wa fuskokin zane: su ma sukan sauya, sai nauyin da injiniya ya ɗora wa rufi ya koma kan bango, manhaja kuwa ta kawo amsa ba tare da gargaɗi ba.