Sanƙarau: Aikin ofis da ke bayan kowace allurar rigakafi da ta iso Gombe

Da zarar zafi ya kankama a Gombe, daga Fabrairu zuwa Afrilu, iyaye a Bolari da Pantami da Jekadafari da Tudun Wada sun san lokacin fargabar sanƙarau ya zo. Ɗakuna sun yi zafi, ƙura ta cika hanci, yara kuma suna kwana a cunkushe. Idan aka yi sa'a masu rigakafi suka zo, abin da uwa take gani bai wuce teburi ɗaya a ƙofar gidan mai unguwa ko harabar makarantar firamare ba, da akwatin sanyi, da malamar asibiti riƙe da sirinji. Cikin minti biyu an gama, an ba ta kati, ta goya ɗanta ta koma gida.

Amma kafin wannan minti biyun, an shafe kwanaki ana cike takardu, ana fitar da kuɗi, ana hayar motoci, ana sayen man janareta. Masu wannan aiki su ne jami'an gudanarwa da akantoci da masu kula da sito da direbobi na ma'aikatar lafiya da na hukumomin duniya irin su Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO. Ba sa taɓa majinyaci, amma jinkirin kwana uku a teburinsu yana iya zama ajalin yaro a ƙauye.

Abin da ya faru a 2024

Tsakanin 1 ga Oktoban 2023 da 11 ga Maris na 2024, WHO ta ce an samu mutum 1,742 da ake zargin sun kamu da sanƙarau a jihohi bakwai, 153 daga cikinsu suka rasu. Jihohin su ne Adamawa da Bauchi da Gombe da Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da ɗaliban makarantun kwana a yankin Potiskum, wanda ba shi da nisa da Nafada.

A wannan annoba ce Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allurar Men5CV, wadda ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Tsohuwar allurar da aka fara yi a ƙasar nan a 2011 nau'i ɗaya kawai take karewa. An fara gangamin ne daga 25 zuwa 28 ga Maris, da nufin yi wa mutum fiye da miliyan ɗaya 'yan shekara 1 zuwa 29.

Labarin da aka fi yayatawa shi ne na sabuwar allura. Wanda ba a cika ba da shi ba shi ne yadda allurar da aka haɗa a kamfanin Serum Institute da ke Indiya ta iso hannun malamar asibiti a Arewa maso Gabas kafin zafi ya wuce.

Daga rahoton asibiti zuwa Janiba

Komai yana farawa ne daga asibitin unguwa. Idan aka kawo yaro da zazzaɓi da sandarewar wuya, ma'aikacin lafiya zai sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, shi kuma ya kai rahoto ma'aikatar lafiya ta jiha. Za a ɗebi ruwan ƙashin baya a aika ɗakin gwaji, irin na Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, da ke Gaduwa a Abuja, don a san nau'in ƙwayar. Tun a nan aikin gudanarwa ya shigo, domin sai an tanadi kwalbar ɗaukar samfur da kuɗin mota da wanda zai kai shi kafin ya lalace.

Ƙa'idar da ake bi ita ce, idan aka samu mutum 3 cikin 100,000 a mako ɗaya a wani yanki, to a zauna cikin shiri; idan suka kai 10, annoba ce. Daga nan gwamnatin tarayya take rubuta takardar neman allura ga wani kwamiti mai suna ICG, wanda sakatariyarsa ke hedkwatar WHO a Janiba. Kwamitin ya ƙunshi WHO da UNICEF da ƙungiyar likitoci ta MSF da tarayyar ƙungiyoyin Red Cross, kuma shi ke riƙe da rumbun allurar gaggawa na duniya, wanda asusun Gavi ke biyan kuɗinsa.

An kafa shi ne a 1997, bayan annobar sanƙarau ta 1996, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Gombe. A waccan shekara mutum fiye da 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, ƙasashe kuma suka yi ta wawason ɗan abin da ake da shi na allura. Yanzu kwamitin yakan yanke hukunci cikin kwana biyu na aiki, allura kuma ta iso ƙasa cikin kimanin mako ɗaya. Sharaɗin shi ne takardar ta cika: sakamakon gwaji, adadin mutanen da za a yi wa, tsarin aiki da kasafin kuɗi. In aka bar gurbi, sai a dawo da tambaya, kwanaki kuma su tafi.

Hanyar da allura ke bi

Saukar jirgi ba ita ce ƙarshen aiki ba. Akwai takardun Kwastam da na NAFDAC, kuma dole a kammala su da wuri, domin allurar tana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har zuwa hannun yaro. Bisa tsarin da aka saba, daga babban ɗakin sanyi na ƙasa da ke Abuja ake kai ta na shiyya da ke Bauchi, sannan a yi tafiyar kimanin kilomita 150 zuwa ɗakin sanyi na jiha a Gombe. Daga nan a rarraba ta ga ƙananan hukumomi 11 da mazaɓu 114 gwargwadon inda ake buƙata.

Duk wanda ya san halin wutar lantarki a watan Maris ya san me wannan ke nufi. Sai janareta ya kwana yana aiki, sai an daskarar da ɗaruruwan robobin ƙanƙara, sai an tabbatar firij mai amfani da hasken rana a Dukku ko Deba yana da lafiya. Sirinji da akwatin zuba allurar da aka yi amfani da ita da katin shaida su ma sai sun iso tare, don allura ba sirinji kamar tuwo ne ba miya. Wani ne ya lissafa lita nawa ta man dizal za a sha, wani ya nemo farashi daga dillalai, wani ya sa hannu aka biya. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa ofishin da ya san aikinsa yakan ƙulla yarjejeniya da gidajen mai da masu motocin haya tun kafin lokacin zafi.

Darasin Ebola

WHO tana da babban ofishinta na ƙasa a Abuja, da ƙananan ofisoshi a jihohi, har da Gombe. Aikinta tallafa wa gwamnati ne, gwamnatin jiha ita ce mai jan ragama. An kafa hukumar ne a 1948, kuma ta daɗe tana aiki da ƙa'idojin ofis da aka tsara don zaman lafiya, inda sayen kaya ko ɗaukar ma'aikaci kan ɗauki watanni. Annobar Ebola da ta kashe mutum fiye da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo daga 2014 zuwa 2016 ta fallasa wannan rauni, aka yi ta sukar hukumar kan nawa.

Sakamakon haka aka kafa asusun ko-ta-kwana a 2015, wanda ke iya fitar da har dala 500,000 cikin awa 24, sannan a 2016 aka kafa sashe na musamman na ayyukan gaggawa. Yanzu hukumar tana auna kowace matsala a mataki na 1 ko na 2 ko na 3. Idan aka ayyana mataki, sai a naɗa jagora guda, a buɗe hanyoyin sayayya da ɗaukar ma'aikata na gaggawa. A cikin ginshiƙan wannan tsari, biyu na jigilar kaya ne da harkar kuɗi da gudanarwa.

A watan Agustan 2016, watan da aka sake gano cutar shan inna a Gwoza da Jere, hukumar ta sa rikicin Arewa maso Gabas a mataki na 3, mafi tsanani. Cibiyar wancan aiki Maiduguri ce, amma Gombe ba baƙuwa ba ce a lamarin: ta karɓi dubban 'yan gudun hijira daga Borno da Yobe, ita ma ta ɗanɗana hare-haren bam a tashoshin mota da babbar kasuwa a 2014 da 2015. A irin wannan yanayi, jami'in gudanarwa ne yake nemo izinin jami'an tsaro kafin mota ta kama hanyar Biu, shi ke samo wa likita kujera a jirgin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ke sanin inda kowane ma'aikaci ya kwana. Daga babban siton hukumar da ke Dubai ake odar kunshin magungunan gaggawa, wanda guda ɗaya ke isar mutum 10,000 na tsawon wata uku.

Alawus da amana

Babu abin da ke kashe gangamin rigakafi kamar rashin biyan alawus. Matar da ta wuni a rana tana rubuta sunayen yara, da mai shela, da ɗan acaɓan da ya kai akwatin sanyi ƙauye, in aka riƙe musu haƙƙinsu a zagayen farko, da wuya su fito a na biyu. A shekarun yaƙi da shan inna, WHO ta ɓullo da tsarin biyan masu rigakafi kai tsaye ba tare da kuɗin ya bi ta hannaye da yawa ba, daga baya aka koma tura shi ta asusun banki. Wannan ya rage zurarewar kuɗi, amma ya kawo sabon aiki: tantance dubban sunaye da lambobin asusu, inda kuskuren lamba ɗaya kan sa mutum ya yi makonni yana jira.

Gaggawa kuma tana buɗe ƙofar ɓarna. A Kwango, lokacin annobar Ebola ta 2018 zuwa 2020, wani kwamitin bincike mai zaman kansa ya ba da rahoto a Satumban 2021 cewa ana zargin mutum 83 da lalata da mata, galibi ta hanyar yi musu alƙawarin aiki, 21 daga cikinsu ma'aikatan WHO ne. Shugaban hukumar, Dokta Tedros Ghebreyesus, ya nemi afuwar waɗanda aka zalunta. Darasin ya shafi kowane gida: hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ba sa karɓar kuɗin fom ko na ganawa. Duk wanda ya nemi kuɗi ko wata alfarma daga ɗiyarku da sunan zai sama mata aikin rigakafi, macuci ne, a kai ƙararsa.

Aljihu ya fara ƙwamushewa

Wannan tsari duka da kuɗi yake tafiya, kuɗin kuma yana raguwa. A ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin fitar da Amurka daga WHO, alhali a lokacin ita ce ta fi kowace ƙasa ba hukumar gudunmawa. A watan Mayun shekarar, ƙasashe suka amince da kasafin dala biliyan 4.2 na 2026 zuwa 2027, maimakon biliyan 5.3 da aka tsara da farko. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don cike giɓin tallafin Amurka.

Idan aka tsuke bakin aljihu, abin da aka fi saurin yankewa shi ne kuɗin mai da na zirga-zirga da ƙananan ma'aikata, wato daidai abubuwan da ke kai samfur Abuja su kawo allura Nafada. Don haka ya dace masu ruwa da tsaki a Gombe, tun daga 'yan majalisar jiha har kwamitocin ci gaban mazaɓu, su riƙa tambaya: nawa aka ware don ko-ta-kwana, an saki kuɗin kafin zafi, kuma janaretan ɗakin sanyi yana da mai?

Rabon iyaye a wannan aiki

Duk wannan doguwar sarƙa, zoben farko yana hannun iyali. Janiba ba za ta ji labari ba sai asibiti ya rubuta, asibiti kuma ba zai rubuta ba sai an kawo masa yaro. Wanda aka ajiye a gida ana yi masa jiƙe-jiƙe, ko aka saya masa allura a kemis, ba ya shiga lissafi, kuma rashin sa a lissafi yana jinkirta wa unguwar gaba ɗaya samun rigakafi.

Alamomin da za a lura da su sun haɗa da zazzaɓi mai zafi na farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, sandarewar wuya, amai, ƙin kallon haske, ruɗewa ko jijjiga. Jariri kuwa yakan ƙi nono, ya yi ta kuka, maɗigarsa ta kumbura. Cutar tana iya kisa cikin awa 24, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira sukan rasa ji ko su samu wata nakasa. Amma akwai magani idan aka je da wuri.

A garzaya asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne. A sanar da mai unguwa idan aka ga yara biyu ko uku da irin alamomin a layi ɗaya ko tsangaya ɗaya. Ana kuma iya kiran NCDC kyauta a lamba 6232. A buɗe tagogi, a rage cunkoso a ɗakin kwana. Idan masu rigakafi suka zo, allurar kyauta ce, kada a biya ko sisi. A kuma adana katin da aka bayar, domin ranar da za a tambayi allurar da aka taɓa yi wa yaro, shi ne zai ba da amsa.