Zaɓe a Ranar Aiki a Amurka

Tun 1845 dokar Amurka ta tsayar da zaɓen shugaban ƙasa ranar Talatar da ke bin Litinin ta farko a Nuwamba. Ranar aiki ce, kuma dokar tarayya ba ta tilasta wa kamfanoni sakin ma'aikata su je rumfar zaɓe ba. Kowace jiha da tsarinta: Kalifoniya na ba ma'aikaci har awa 2 ba a taɓa albashinsa ba, wasu jihohin ko minti ɗaya babu. Ga mai aikin awa-awa, jefa ƙuri'a da wuri ko ta gidan waya ya fi sauƙi, sai dai nan zargin maguɗi ya fi yawa. Bayan zaɓen 2020, Donald Trump da magoya bayansa sun shigar da ƙararraki sama da 60, amma babu kotun da ta gano maguɗin da zai sauya sakamakon.