Gaisuwar Japanawa: abin da ya kamata ku sani

Bahaushen da zai koyi Japananci yana da wani jari tun daga gida, domin ya tashi a inda ake ɗaukar rashin gaisuwa a matsayin rashin tarbiyya. Japanawa ma haka suke. Aisatsu suke kiran gaisuwa, kuma tun yaro yana firamare ake cusa masa ita. Bambancin shi ne tasu gajeriya ce. Ba a tsayawa tambayar iyali da gida da kwanan yara. Jumla guda ce da ɗan rusunawa, amma dole ta dace da lokaci da kuma matsayin wanda kake gaisarwa.

Da safe ohayo gozaimasu ake cewa, wato "da sassafe ne". Aboki ko ƙaninka ohayo kaɗai ya ishe shi, amma kada ka yanke wa malami ko maigidanka wutsiyar kalmar. Wasalin "u" na ƙarshe kusan ba ya fita, sai ka ji kamar gozaimas. Da rana konnichiwa, da yamma konbanwa, wajen kwanciya oyasumi nasai. Sayonara da duniya ta sani ba a cika jin ta tsakanin manya a kullum ba, don tana iya ɗaukar nauyin doguwar rabuwa. Abokai "ja ne" suke cewa, ko mata ashita, sai gobe. Haka ogenki desu ka, wato tambayar lafiya: wanda ka kwana biyu ba ka gani ba ake yi wa ita. Wanda kuka rabu jiya in ka yi masa, sai ya ɗan yi mamaki.

A cikin gida gaisuwar biyu-biyu take tafiya. Mai fita ya ce ittekimasu, "zan je in dawo", na gida su amsa itterasshai, daidai da "a dawo lafiya". In ya dawo, yana cire takalmi a bakin ƙofa ya ce tadaima, a amsa masa okaeri nasai. Kafin a sa hannu a abinci itadakimasu, in an gama gochisosama deshita, godiya ga wanda ya yi ɗawainiyar girkin.

A wurin aiki ne maganar ta fi nauyi, kuma a nan kunnen Bahaushe zai ji abin da ya saba. Kalmar da ta fi kowace yawo a ofis ita ce otsukaresama desu. Tushenta tsukare, gajiya. Wato dai "sannu da aiki" ce, ko "ina gajiya". Ana faɗin ta in an haɗu a baranda, ana buɗe saƙon imel da ita tsakanin abokan aiki, ana rufe taro da ita. In da za a ce in zaɓi kalma ɗaya ga mai shirin aiki da Japanawa, ita zan zaɓa. Tana da 'yar'uwa, gokurosama, wadda ma'anarsu ta yi kusa, amma a al'adar ofis ta yau babba ne ke faɗa wa na ƙasa da shi. Sabon ma'aikaci ya faɗa wa shugabansa, ya yi katoɓara ko da zuciyarsa fara ce.

Ku kalli ƙarfe shida na yamma a wani ofis a Osaka. Ma'aikaciya ta kashe kwamfuta, ta ɗauki jaka, ta juyo ga waɗanda ke zaune ta ce osaki ni shitsurei shimasu, neman afuwa ne don za ta riga su tashi. Su kuma su ɗago kai su ce otsukaresama deshita. Sulalewa shiru a irin wannan wuri abin kunya ne. A gidajen abinci da tashoshin talabijin kuwa, mai shigowa aiki yakan ce ohayo gozaimasu ko da dare ne, domin a lokacin ne yininsa na aiki ya fara.

Ranar haɗuwar farko za ka ce hajimemashite, ka faɗi sunanka, ka rufe da yoroshiku onegaishimasu, roƙo ne cewa a riƙe ka da kyau a hulɗar da za a fara. Kada ka liƙa wa sunanka kalmar "san", girmamawa ce da ake yi wa wani. Har ma in kana magana da baƙo daga wani kamfani, shugabanka da sunansa tsura za ka ambace shi, don a gaban bare ku 'yan gida ɗaya ne. Katin suna, meishi, da hannu biyu ake miƙawa da karɓa, a karanta shi, a ajiye a kan tebur har a tashi taro.

Rusunawa ma hawa-hawa ce: kimanin digiri 15 ga gaisuwar wucewa, 30 ga baƙo ko abokin ciniki, 45 ga babbar godiya ko ban haƙuri. Daga ƙugu ake lanƙwasawa, baya a miƙe. In kuma ka shiga kanti aka ɗaga murya da irasshaimase, maraba ce ake yi maka, ba ta buƙatar amsa. Ɗan gyaɗa kai ya wadatar.