Ginin Da Ko Na Yanzu: Wanne Ya Fi Ƙarko?

Tsohon gini a Atantane da sauran garuruwan Mayahi da Tasawa na ƙasa ne. Magina kan haƙo yumɓu a kududdufi, su kwaɓa shi da ciyawa, su bar shi ya yi kwanaki yana ruɓewa kafin su mulmula tubali. Katanga takan yi kauri a gindi, ta riƙa sirancewa zuwa sama. A rufi kuma sai a jera azara, a shimfiɗa zana, a danne da ƙasa, a fitar da indararo don ruwa ya zuba nesa da bango. Mai hali yakan shafe bangon da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Irin wannan soro da sanyi a bazara, da ɗumi a hunturu, abin da ɗakin kwano ba ya yi ko kusa.

Sai dai masu cewa ginin da ya fi ƙarko sukan manta cewa wanda ya tsira kaɗai suke gani. Sauran damina ta cinye su tuntuni. Wanda ke tsaye har yau, yaɓe ne ya riƙe shi kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Yanzu kuwa matasan da ke wannan aiki sukan tafi cin rani Najeriya ko Libiya, azarar kirki ta yi tsada, doka kuma ta hana saran itace barkatai.

Shi bulon siminti ba ya son yaɓen shekara-shekara, kuma ya fi jure ruwa idan an yi shi bisa ƙa'ida. Matsalar tana wajen tsimi. Buhun siminti ɗaya a cika masa yashi don a sami bulo da yawa, a ƙi shayar da shi ruwa ya yi ƙwari, tushe kuma a haƙa sama-sama. Irin wannan bulo da hannu ma sai ya marmashe. Ga kuma gini a kan hanyar ruwa, wanda ambaliyar 2024 a jihar Maradi ta nuna illarsa.

Ginin ƙasa kuwa, idan ya sami gwani, yakan yi fice: masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Ko na ƙasa ne ko na bulo, ƙarkon gida yana ga tushensa, da gwanintar maginin, da gyaran da mai shi ke yi masa.