Malami a Kano, Ɗalibi a Tokyo

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa wata sana'a ce da matasa ke yawan tambaya a kanta, musamman waɗanda suka gama digiri ko NCE suna zaman jiran aiki: koyar da Turanci ta intanet. Malami yana zaune a ɗakinsa a Kano ko Zariya, ɗalibi yana Tokyo ko Riyad, sai kwamfuta ta haɗa fuskokinsu na minti 25 ko 50, a yi darasi, a biya malami da dala. Abin gaskiya ne, akwai masu ci da iyalinsu da shi. Amma kafin mu yi maganar kuɗi, bari mu fara da labarin abin da ya faru a China, domin duk mai son shiga wannan harka ya kamata ya san shi.

A shekarar 2013 wata 'yar kasuwa mai suna Cindy Mi ta kafa kamfanin VIPKid a birnin Beijing. Aikinsa haɗa yaran China da malamai 'yan Amurka da Kanada. Cikin 'yan shekaru malamai dubun-dubata suka shiga, wasu har suka ajiye aikin makaranta suka dogara da shi kacokan. Kwatsam a watan Yulin 2021 gwamnatin China ta fito da dokar rage wa yara nauyin karatu, kuma a cikinta aka hana malaman da ke zaune a ƙasashen waje koyar da yaran ƙasar ta intanet. Kafin shekarar ta ƙare, kasuwar ta watse. Malamin da ya yi shekaru yana koyar da yaro ɗaya ya wayi gari ba shi da ɗalibin, ba shi da wata sana'ar a gefe, domin tun farko ɗaliban na kamfani ne, ba nasa ba. Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

To, yau ina ake samun ɗalibai? Kamfanonin iri biyu ne. Akwai masu ɗaukar ka su yanka maka farashi, su ba ka darasin da suka tsara, kai dai ka zauna ka koyar. Engoo da Native Camp, waɗanda yawancin ɗalibansu 'yan Japan ne da maƙwabtansu, suna cikin wannan rukuni, kuma suna ɗaukar malaman da Turanci ba harshen uwarsu ba ne, sai dai kuɗin ba shi da yawa. Akwai kuma masu kama da kasuwa, irin su italki da aka kafa a 2007 da Preply da wasu 'yan Ukraine suka kafa a 2012. A nan kai za ka yanka farashinka, ka ɗora ɗan gajeren bidiyo kana gabatar da kanka, ɗalibi ya zaɓe ka ko ya wuce. Kamfani kuma yana cire lada. Preply, alal misali, ya daɗe yana riƙe kuɗin darasin gwaji na farko gaba ɗaya, sannan ya riƙa cire kashi 33 cikin 100 daga sabon malami, ladar tana raguwa har zuwa kashi 18 yayin da awannin koyarwarsa ke ƙaruwa. Ka yi wannan lissafin kafin ka yi wa gida alkawarin buhun shinkafa.

Akwai wata ƙofa da za ka tarar a rufe, gara ka ji daga yanzu. Wasu kamfanoni fasfo suke dubawa, ba ilimi ba. In ba ɗan Amurka ko Birtaniya ko Kanada ko Ostareliya da makamantansu ba ne kai, ko takardarka ba za su buɗe ba, duk da cewa da Turanci ka yi karatu tun daga firamare. A ganina wannan rashin adalci ne, kuma asara ce ga ɗaliban kansu.

Dalilina shi ne, wanda aka haifa cikin Turanci bai taɓa shan wahalar koyonsa ba. Kai kuwa ka sha. Ka tuna yadda malamin aji ya yi ta fama da ku kan bambanta sautin P da na F, domin a Hausa ba mu raba su. Balarabe ma ba shi da P, sai ya mayar da ita B. Bajapane yana cakuɗa L da R. Baturke yana rikita namiji da mace a magana, domin kalma ɗaya harshensa ke amfani da ita ga shi da ita. Malamin da ya taɓa tsayawa gaban madubi yana gyara leɓensa ya san abin da zai ce wa ɗalibi: haɗa leɓɓanka biyu ka saki iska, yanzu kuma ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Wannan ilimi ne mai tsada. Idan kuma ka yi Islamiyya har kana jin Larabci, to ɗan Saudiyya ko ɗan Masar da ke matakin farko zai fi sakewa da kai fiye da Baturen da ba zai iya yi masa bayani da kalma ɗaya ta harshensa ba. Haka 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci, ga su nan kusa, da yawa suna neman Turanci don kasuwanci ko ƙarin karatu, kuma da Hausa za ka yi musu bayani.

(KIƊA KAƊAN)

Sai dai iya Turanci daban, iya koyar da shi daban. Sabon malami yakan cika ajin da surutunsa, ɗalibi yana ta gyaɗa kai, lokaci ya ƙare bai furta jimla biyar ba. Gobe ba zai dawo ba, kuma ba zai faɗa maka dalili ba. Shi ya sa horo ke da amfani. Takardar da aka fi tambaya ita ce TEFL ta awa 120. Wadda ta fi daraja kuwa ita ce CELTA ta Jami'ar Cambridge, inda za ka koyar da ɗalibai na gaske na awa 6 masu horarwa suna kallonka suna gyara maka. Tana da tsada, ba dole ka fara da ita ba. Amma ka guji mai sayar maka da takarda cikin kwana biyu ba karatu, haka duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista kafin a ɗauke ka aiki, ɗan damfara ne.

Sannan ka zaɓi fanni guda ka ƙware. Masu koyar da hira kawai sun cika kasuwa, farashinsu ya faɗi. Wanda ya san jarrabawar IELTS ciki da waje, sassanta huɗu na sauraro da karatu da rubutu da magana, ya san abin da ke raba maki 6 da maki 7, shi ma'aikaciyar jinya mai shirin tafiya Ingila za ta nema, kuma ita za ta turo masa ƙawayenta. Daga nan ne malami ke fara tara ɗaliban da sunansa ya kawo su, ba tallan kamfani ba.

Batun kayan aiki kuwa, wuta ce babbar matsala. Ɗalibin da ya biya kuɗinsa ba ruwansa da an ɗauke wuta a unguwarku, kuma kamfanoni suna rage wa malami daraja in darasi ya yanke. Ƙarar janareto tana shiga makirufo, don haka ƙaramar sola da batir sun fi. Ka tanadi layukan data biyu na kamfanoni daban-daban, da abin sawa a kunne mai makirufo, da haske a gaban fuskarka ba a bayanka ba. Ka buɗe hanyar karɓar kuɗi, kamar Payoneer ko asusun dala a banki, tun kafin darasin farko.

Agogo ma abin lura ne. Japan tana gabanmu da awa 8, ke nan ƙarfe 8 na darensu, lokacin da ma'aikata suka dawo gida suke son darasi, ƙarfe 12 na rana ne a nan. Saudiyya da Turkiyya suna gabanmu da awa 2, don haka cinikinsu yakan faɗo tsakanin La'asar da Isha'i, sai ka toshe lokutan salla a jadawalinka tun da wuri. Brazil tana bayanmu, darasinsu na yamma tsakar darenmu ne. Ga 'yar'uwa matar aure mai digirin Turanci da ke zaune a gida, kasuwar Japan ta faɗo daidai lokacin da yara ke makaranta, kuma akwai ɗalibai mata, musamman a ƙasashen Larabawa, da malama mace kawai suke nema.

Makonnin farko sukan zo da shiru, jadawali a buɗe ba kowa. Mai aikin koyarwa a makaranta kada ya ajiye shi tukuna; ya ware awa biyu a rana, ya riƙa rubuta kurakuran kowane ɗalibi a littafi, ya buɗe darasi na gaba da su.

A nan za mu dakata.

(KIƊAN RUFE SHIRI)